Fai Mai Kayan Marmari a Tukunyar Iska: Yadda Za Ki Gasa Shi Bai Fashe Ba

Ranar da na fara gwada shi, ɗanyar abarba na zuba. Na fere ta, na yayyanka ƙanana, na barbaɗa sukari, na ɗura a irin kwaɓin da na saba yin mit fai da shi, na jera guda biyar a kwandon tukunyar iska, wato eya firaya, na tura. Ba a yi minti bakwai ba ƙauri ya cika kicin. Ko da na jawo kwandon, uku sun wage baki, ruwan abarba ya gangara ƙasa ya ƙone ya zama baƙin danƙo, sauran biyun kuma ƙasansu ya caɓe kamar biredin da ya kwana a shayi. Ga baƙi a falo, dangin maigida ne daga Zariya, dole cincin na fitar musu. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, na yi ta maimaitawa har na gano inda gizo ke saƙa. Ba kwaɓin ba ne, ba kuma na'urar ba ce. Ruwan da ke cikin kayan marmarin ne. Da zarar kin iya sarrafa wannan ruwa, sauran aikin wasa ne, kuma cikin minti 12 za ki fitar da abin da za ki miƙa wa baƙo a hannu ba tare da faranti ko cokali ba.

Ki fara sanin tukunyarki

Abin da muke kira eya firaya, ko tukunyar suya da iska, ba suya take yi ba, gashi take yi. Ƙaramin oben ne. A samanta akwai ƙarfen da ke yin ja kamar na hita, a bisansa kuma fanka ce ke hura zafin ƙasa da ƙarfi, ya zagaye abincin da ke kwando. Kamfanin Philips ne ya fito da ita kasuwa a 2010 a wani bikin baje kolin kayan lantarki a Balin ta Jamus, yanzu ga ta har cikin kayan ɗakin amare a Kaduna. Sanin yadda take aiki zai fahimtar da ke abu biyu. Zafin daga sama yake zuwa, don haka saman fai zai riga ƙasansa yin ja. Kuma iskar tana da ƙarfi, tana busar da bayan kwaɓi da wuri, wanda shi ne ke ba shi garas-garas ɗin da muke so, amma idan tururi ya taru a ciki bai sami mafita ba, sai ya ɓarke ta inda liƙi ya fi rauni.

Ki juya ƙasan taki ki karanta takardar da ke manne. Yawancinsu suna jan wuta tsakanin wat 1200 zuwa 1800, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba, kuma bai kamata ki haɗa ta da firji ko dutsen guga a kan soket ɗin ja-ni guda ba. Ki soka ta a bango kai tsaye. Idan tsaraba ce aka kawo miki daga Amurka, kada ki jona ta sai kin tabbatar, domin nasu na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, nan take za ta ƙone. Irin waɗannan kuma lambobinsu na ma'aunin zafin Amurka ne: inda na ce digiri 180, ke ki sa 350 zuwa 360.

Ga masu mita mai kati, lissafin ba abin tsoro ba ne. Mai wat 1500 idan ta yi minti 12 tana aiki, abin da za ta ci bai wuce kashi 3 cikin 10 na yunit ɗaya ba.

Wane kayan marmari ne ke yi

Ba kowane ba. Kankana ruwa ce zalla, ki bar ta a sha ta da sanyinta. Lemun zaƙi ma haka, sai dai ki kankare ɓawonsa don ƙamshi. Nunanniyar gwanda idan ta ji wuta warinta yana tashi, ni dai ban so ta a fai.

Tuffa ce ta fi sauƙin sha'ani, musamman koriyar nan mai ɗan tsami, don ba ta narkewa. Ja mai zaƙi tana saurin zama luɓus. Sai dai tuffa shigo da ita ake yi, kuɗinta ba na kullum ba ne, shi ya sa na fi karkata ga abin da ƙasarmu ke bayarwa. Abarba tana zuwa daga kudu kusan duk shekara. Mangwaro kuwa daga Maris zuwa Mayu har tsinta ake yi a wasu unguwannin, kuma fai ɗin mangwaro, wallahi, ya fi na tuffa daɗi a bakina. Ki nemi mai tsoka marar zare, irin su binta suga, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba. Mai zare na tsotso ne, ba na tukunya ba. Idan na shiga Kasuwar Gumi ko ta Kawo nakan ce wa mai tebur, “Malam, zaɓo min wanda sai gobe zai shawu.” Da farko yakan yi mamaki, don kowa wanda ya yi luguf yake nema. Ki danna da babban yatsa kusa da hancinsa: ya ɗan lotsa kaɗan, amma kada yatsan ya nutse.

Gwaba tana yi idan kin tace 'ya'yan. Ayaba tana yi. Dabino da kwakwa suna yi fiye da zato, kuma su ne na azumi. Idan hunturu ya shigo, sitiroberi na saukowa daga Jos a 'yan robobi, shi ma yana yi, amma ya fi kowa ruwa, sai an ƙara masa kulawa.

Mataki na farko: haɗin ciki

Da wannan ake farawa ba da kwaɓi ba, domin sai ya huce sarai kafin ya taɓa fulawa. Kuma dafa shi ake yi. Wannan ita ce maganar da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. Minti 12 da fai zai yi a tukunyar iska ba za su isa ɗanyen kayan marmari ya dahu ya tsotse ruwansa ba, sai dai ya fitar da ruwan ya jiƙa kwaɓi. Idan kin dafa shi a kasko tukuna, ruwan ya riga ya fita, wanda ya rage kuma kin ɗaure shi da sitacin masara, wato garin da ake kira kon fulawa. In ba ki da shi, garin kastad zai wadatar, don shi ma sitacin masara ne aka sa wa kala da ƙamshi.

Ma'aunin da zan ba ki zai ɗura fai 8 zuwa 10. Kofin da nake nufi mai cin mililita 250 ne.

Na abarba: kofi 2 na abarbar da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, an cire ƙashin tsakiya. Ki zuba a kasko da sukari cokali 2 babba, da bota cokali 1, da ɗanyar citta da kika goga rabin ƙaramin cokali. Cittarmu ta Kachia da Jaba tana da yaji sosai, kada ki cika hannu, so ake a ji ta daga nesa. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta. Da farko za ki ga ruwa ya taso har ya kusa rufe abarbar, to wannan ne ruwan da da a cikin fai ɗinki zai fito. Ki bar shi ya yi ta tafasa kina juyawa, minti 10 zuwa 12, har ya rage saura kamar cokali uku a gindin kasko. Sai ki dama sitaci cokali 1 babba da ruwan sanyi cokali 2 a ɗan kofi, ki zuba kina juyawa. Kada ki taɓa barbaɗa garin kai tsaye a kan abu mai zafi, gudaji zai yi. Cikin minti ɗaya za ki ga farin ya ɓace, haɗin ya yi sheƙi ya kama jikinsa. Ki ja cokali a tsakiyar kasko. Idan hanyar da cokalin ya bi ta tsaya a buɗe ba ta rufe nan take ba, ya yi, ki sauke. Kada ki ci gaba da dafawa bayan nan, domin sitaci idan ya daɗe yana tafasa cikin abu mai tsami sakewa yake yi ya tsinke. Wani amfanin dafa abarba shi ne, sinadarin nan nata da ke sa harshe ƙaiƙayi zafi yana kashe shi, yara za su ci ba ƙorafi.

Na mangwaro bai kai haka wahala ba. Kofi 2 na yankakke, sukari cokali 1 ko ma babu idan mai zaƙi ne, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 2, da ɗan gishiri a tsinin yatsu. Minti 4 zuwa 5 kawai a wuta, sai sitaci cokali 1. Lemun tsamin nan kada ki raina shi. Mangwaro idan ya dahu zaƙinsa yakan yi nauyi har ya ginshi mutum, tsamin ne ke farkar da shi.

Na tuffa: manya 3, a fere a yanka, sukari cokali 3, kirfa rabin ƙaramin cokali, bota cokali 1, lemun tsami kaɗan don kada ta yi baƙi. Minti 6 zuwa 8, ta yi laushi amma tana nan da siffarta, sai sitaci. Kanumfari ɗaya da aka daka yana ƙara mata armashi, biyu kuma sun yi yawa.

Na dabino da kwakwa ba ya buƙatar dafawa ko sukari. Ki cire ƙwallon dabino kofi 1, ki jiƙa a ruwan zafi minti 10 (busasshen nan mai tauri zai kai minti 30), ki tsiyaye ruwan, ki dama shi da cokali mai yatsu, ki zuba gogaggiyar kwakwa rabin kofi da kika ɗan soya sama-sama a busasshen kasko har ta fara ƙamshi. Ayaba ma ba a dafa ta: ki yanka, ki yayyafa lemun tsami da kirfa, ki haɗa da dakakkiyar soyayyar gyaɗa, ita gyaɗar ce za ta shanye ɗan danshin. Gwaba kuwa sai kin tafasa ta da ruwa kaɗan, kin murje a rariya kin fitar da 'ya'yan, sannan ki mayar wuta da sukari har ta yi kauri kamar kunun da ya kwana.

Duk wanda kika yi, ki juye a faffaɗan faranti ki baza shi. A faranti zai huce cikin minti 20, a cikin kwano mai zurfi kuwa zai kai awa yana riƙe da zafi. Ki taɓa da bayan yatsa. Idan da sauran ɗumi, bai yi ba.

Mataki na biyu: kwaɓi

Duk wadda ta iya mit fai ta iya wannan, bambancin kaɗan ne. Ki tanadi fulawa kofi 2, wato kamar giram 250, bota mai sanyi giram 125, sukari cokali 1 babba, gishiri rabin ƙaramin cokali, bakin hoda rabin ƙaramin cokali, da ruwan sanyi ƙarara cokali 4 zuwa 6. Botar leda da muke yin kek da ita tana yi sarai. Ta madarar shanu ta fi ƙamshi, amma ta fi saurin narkewa a hannu.

Ki tankaɗe fulawa da bakin hoda, ki zuba sukari da gishiri. Ki gutsuttsura bota a ciki, ki riƙa murzawa da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, don tafi ya fi zafi. Ki ɗaga ki saki, ki ɗaga ki saki, har ya yi wara-wara kamar dambu, da 'yan gutsattsarin bota kamar ƙwayar wake nan da can. Ki bar su, kada ki ce sai sun ɓace. Su ne idan sun ji zafi za su narke su bar 'yan ramuka, fai ya yi rumus-rumus a baki.

Sai ruwa, cokali-cokali. Ki zuba huɗu tukuna, ki tattara da cokali mai yatsu, ki dunƙula kaɗan a hannu. Idan ya haɗe, ya isa. Idan ya wargaje, ƙara cokali ɗaya. A nan ne da yawa muke kuskure, saboda hannunmu ya saba da kwaɓin fanke da na biredi inda ake bugu da luda. Wannan ba a luda shi. Yawan murza yana tayar da danƙon fulawa, kwaɓin ya riƙa janyewa idan kin shimfiɗa shi, in ya gasu kuma ya yi tauri. Ki tara shi wuri ɗaya kawai, ki danne ya yi faɗi kamar waina, ki sa a leda, ki ajiye a firji minti 20 zuwa 30.

Yanayin garinmu yana da ta cewa a nan. Lokacin mangwaro shi ne lokacin da zafin Kaduna ke kan ganiyarsa, a Maris da Afrilu bota na narkewa tun kafin ki gama aunawa. A irin wannan lokaci nakan sa har fulawar da kwanon a firji tukuna, in kuma yi aikin da sassafe bayan asuba. In babu wuta, ki ɗora kwanon kwaɓin a kan wani kwanon mai ƙanƙara. Da hunturu kuma matsalar ta juya: iska na busar da kwaɓi ya riƙa tsagewa a gefe, don haka duk wanda ba ki aiki da shi ki lulluɓe da ɗan tsumma mai danshi, kuma wataƙila ki buƙaci ƙarin cokali ɗaya na ruwa.

Mataki na uku: ɗuri da liƙi

Ki barbaɗa fulawa kaɗan a tebur, ki raba kwaɓin biyu, rabi ya koma firji. Ki murza ɗayan da katakon murji, in babu ki wanke kwalba ki yi da ita. Daga tsakiya ake turawa zuwa gefe, kina juya kwaɓin lokaci-lokaci don kada ya kama tebur. Kaurinsa ya zama kamar milimita 3, ya ɗan ɗara tsinken ashana. Wanda ya fi haka kauri bayansa zai yi ja cikinsa ɗanye, wanda ya fi haka siriri kuma zai huje.

Ki fitar da da'ira da murfin ƙaramar tukunya ko bakin kwano mai faɗin santimita 10 zuwa 12. Kafin ki yanka da yawa, ki gwada ɗaya a kwandon tukunyarki ki ga guda nawa za su zauna ba tare da sun taɓa juna ba. Ragowar gefe-gefen ki tara su, ki bar su su huta minti biyar, sannan ki sake murzawa sau ɗaya.

Yanzu haɗin ciki. Cokali ɗaya babba, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Na san zuciya za ta ce ki ƙara, musamman idan haɗin ya yi daɗi kina ta lasa, amma ki daure. Ki zuba shi a rabi ɗaya na da'irar, ki bar faɗin yatsa a gefe ba komai. Wannan gefen ya kasance da tsabta, domin ko ɗigon ruwan sukari ne ya taɓa shi ba zai liƙu ba, kuma ta nan zai fashe. Ki fasa ƙwai ɗaya ki kaɗa da madara ko ruwa cokali 1, ki shafa siririn layi a gefen da yatsa. Ki ninko ɗaya rabin, ki fara dannawa daga kusa da haɗin zuwa waje don iskar da ke ciki ta fita, sannan ki bi bakin da cokali mai yatsu kamar yadda ake yi wa mit fai. Idan cokalin na kamawa, ki tsoma shi a fulawa.

Sai ki ɗauki wuƙa mai tsini ki tsaga saman sau biyu, kowace tsaga kamar tsawon farce. Ki tabbatar wuƙar ta ratsa har ciki. Huda da cokali mai yatsu da muke yi wa mit fai ba ta isa a nan, ƙananan ramukan sukan toshe da sukari. Waɗannan tsagogi su ne tagar tururi.

Ki jera su a tire ki mayar firji minti 10 zuwa 15. Idan kina sauri za ki iya tsallake wannan, amma za ki ga bambanci: fai ɗin da ya shiga wuta da sanyinsa yana riƙe siffarsa, zanen cokalin ma ba ya gogewa.

Mataki na huɗu: gashi

Ki kunna tukunyar ba komai a ciki, digiri 180, minti 3. Ki ja ta ta bar jikin bango, don ta baya take fitar da zafi. Idan za ki shimfiɗa takardar gashi, kada ki sa ta yanzu. Takarda ba nauyi a kanta fanka zai ɗaga ta ya manna wa ƙarfen sama da ya yi ja, ta kama da wuta. Sai kin zo jera fai sannan ki sa, ki yanke ta daidai gindin kwando, ki huhhuda ta don iska ta ratsa. In babu takarda, ki shafa mai kaɗan a kwandon da buroshi.

Ki shafa ragowar ƙwan a saman kowane fai, siriri, kada ya toshe tsagar. In kina son sukari ko riɗi a kai, yanzu za ki barbaɗa tun ƙwan na da danshi ya riƙe su, in ba haka ba iska za ta kwashe. Ki jera su ɗaiɗai da tazarar yatsa a tsakani. Ba a ɗora wani kan wani. Gara ki yi zubi uku da ki cusa su gaba ɗaya su fito fari-fari.

Minti 8 a digiri 180, sai ki jawo kwando ki duba. Jawowa ba ya ɓata komai, ba kamar kek a oben ba ne. Saman ya kamata ya yi ruwan zuma. Ki juya su a hankali da cokalin katako ko na roba, don ƙarfe yana kankare baƙin shafen kwandon. Ki ƙara minti 3 zuwa 4 ƙasan ya gasu. Wasu ba sa juyawa, amma ni na gwada duka biyun, kuma wanda ba a juya ba ƙasansa yakan fito fari da ɗan danshi. Tun da haɗinki mai kauri ne, ba zai zubo ta tsagar ba.

Kowace tukunya da halinta. Ƙananan sun fi zafi saboda abincin ya fi kusa da ƙarfen. Idan a minti 6 kin ga saman ya yi duhu alhali gefe bai gasu ba, ki rage zuwa 170 ki ƙara lokaci. Shi ya sa nake ba da shawarar a ranar farko ki gasa guda ɗaya tak, ki raba shi biyu ki duba cikin kwaɓin. Idan akwai layi mai duhu kamar danƙo tsakanin ɓawo da haɗi, bai gasu ba. Ki rubuta lokacin da ya yi miki daidai ki manna a jikin kabad. Zubi na biyu kuma yakan riga na farko da kamar minti ɗaya, don tukunyar ta riga ta ɗau zafi sosai.

Ki kwashe su a kan raga ko rariyar ƙarfe, ba a faranti ba, don tururin ƙasa ya fita. Sannan ki tsare su minti 10 cur. Bayan zai huce da wuri ya yaudari hannu, amma haɗin ciki mai sukari yana riƙe zafi fiye da yadda ake zato. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, sai dai yaro bai san wannan ba, ke ce za ki sani masa. Na yara nakan raba biyu in bar shi a buɗe ya sha iska kafin in miƙa.

In kina son ado, ki dama sukarin aisin cokali 4 da ruwan lemun tsami cokali 1 ki zuba siriri a kai bayan ya huce. Na dabino kuwa zuma kaɗan da soyayyen riɗi sun ishe shi.

Idan babu lokacin kwaɓi

Wata rana sallama kawai za ki ji a ƙofa. In dai akwai haɗin ciki a firji, biredi mai yanka-yanka zai fitar da ke kunya. Ki yanke ɓawon gefe, ki murje kowane yanki da kwalba ya yi fale-fale, ki zuba haɗi cokali ɗaya, ki shafa ƙwai a baki, ki ninke ki danne da cokali mai yatsu. Ki shafa narkakkiyar bota ciki da bai, ki gasa minti 5 zuwa 6 a digiri 180, ki juya a tsakiya. Da fitowarsa ki mirgina shi cikin sukari da kirfa. Sabon biredi mai laushi ake so, wanda ya kwana biyu karyewa yake yi wurin ninki.

Fallen samosa ma yana yi, kuma shi ya fi kowanne garas-garas. Ki naɗe kamar yadda kika saba, ki liƙe da damammiyar fulawa, ki shafa mai a duk jikinsa, don inda mai bai taɓa ba fari zai fito ya bushe kamar takarda. Minti 6 zuwa 8. Ayaba da gyaɗa sun fi dacewa da shi. Waɗannan biyun a ci su nan take, ba sa jiran gobe.

Ajiya da lissafin wuta

Saurin wannan abu ba a ranar ci yake ba, a shirin da kika yi kafin nan yake. Haɗin ciki yana kwana 3 a firji cikin roba mai murfi, kwaɓi kwana 2. Mu da wuta ke zuwa tana tafiya, dabarar ita ce ki gama duk abin da ba ya buƙatar lantarki tukuna: haɗin a kan gas ko risho, kwaɓi da ɗuri a tebur. Ana kawo wuta sai gashi kawai. Da azumi nakan ɗura su bayan azahar in jera a tire, in an kawo wuta da la'asar in gasa, ana kiran magariba sun huce daidai ci.

Idan firizarki na riƙe ƙanƙara, ki jera ɗanyun fai a tire ba tare da shafa ƙwai ba, su daskare, sannan ki juye a leda. Za su yi wata ɗaya lafiya. Ranar gashi kada ki bari su saki, daga firiza sai kwando: ki shafa ƙwai, digiri 170, minti 15 zuwa 17. Amma idan an yi dogon rashin wuta har suka narke, ki gasa su a ranar, kada ki sake daskarar da su.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada ki jawo kwandon, ki bar shi a rufe. Idan an riga an wuce minti 8, zafin da ke ciki zai ƙarasa mafi yawan aikin. In bai kai haka ba kuma wutar ba ta dawo ba, ki ɗora kasko mai kauri a ƙaramar wuta, ki jera su, ki rufe, kina juyawa har su gasu.

Gasasshe yana kwana ɗaya a waje, kwana 3 a firji. Kada ki sa shi a leda ko kula da ɗuminsa, gumi zai yi ya saki. Minti 3 a digiri 160 zai dawo masa da garas ɗinsa kamar yanzu aka yi. Idan kuma wani ya ɗiga a kwando, kada ki kankare da wuƙa ko soson ƙarfe. Ki bari kwandon ya huce, ki zuba ruwan ɗumi da sabulu ya jiƙa minti 15, ƙonannen sukarin zai narke da kansa, soso mai laushi ya ɗauke sauran.